Ofishin da ya nema mana kuɗin taron binciken tsufa a Yamai: inda ya ƙware da inda ya gaza

Tun da muka kammala taron kwana uku da muka shirya a Yamai kan yadda jikin ɗan Adam yake tsufa, abokan aiki daga Tawa da Maraɗi da Damagaram suke kirana suna tambaya ko ofishin da ya taimaka mana wajen neman kuɗi ya cancanci abin da muka biya shi. Na amsa wa mutum huɗu ko biyar ta waya har bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama sunan ofishin ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma mutanen da ke aiki a can ba sa nan balle su kare kansu. Duk wanda yake shirin ɗaukar irin wannan hidima, a Yamai ko a wani gari, zai iya auna ofishin da ya samu da abin da muka gani a wannan.

Ofishi ne ƙarami, ɗaki biyu a saman bene a unguwar Filato, da ma'aikata uku. Shugabarsa Hajiya ce mai kimanin shekara hamsin da ƴan kai, wadda ta daɗe tana riƙe lissafin kuɗi a ayyukan ƙungiyoyin agaji kafin ta buɗe nata wurin. Akwai wani saurayi da ke rubuta takardu da Faransanci da Ingilishi, sai kuma ɗan aike mai babur wanda ya san ƙofar kowace ma'aikata da lokacin da mai sa hannu yake zaune a kujerarsa. Abin da suke sayarwa kashi huɗu ne: su binciko masu ba da tallafi, su rubuta takardar neman kuɗin, su tsara kasafi, sannan su riƙe lissafi har zuwa rahoton ƙarshe. Mu duka huɗun muka ɗauka, domin a cikin kwamitinmu na mutum shida babu wanda ya taɓa neman kuɗin taro daga waje, kuma kowa yana da ɗalibai ko marasa lafiya da ke jiransa.

Ranar da na fara zuwa, Hajiya ta bari na gama bayanina tsaf, sannan ta ajiye alƙalami ta ce: "Dakta, ka gafarce ni, amma tambayar da za a yi maka a can ita zan fara yi maka a nan. Ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, wa zai ba ka kuɗi ka tara jama'a su yi maganar tsufa?" Raina ya ɗan sosu a lokacin, amma daga baya na gane cewa wannan tambayar kaɗai ta biya wani kaso na kuɗin da muka ba su, domin ita ce ta tilasta mana muka gyara hujjarmu tun kafin wani baƙo ya gan ta.

Amsar da na ba ta ita ce tsufa ba ranar da furfura ta fito yake farawa ba. Tun 1825 Benjamin Gompertz ya nuna da lissafi cewa bayan mutum ya balaga, haɗarin mutuwarsa yana ninkawa a kai a kai, kuma alƙaluman da aka tara daga baya sun nuna ninkin yana zuwa kusan kowace shekara takwas. A 1961 Leonard Hayflick da Paul Moorhead suka gano cewa ƙwayoyin halittar ɗan Adam da aka raina a kwalba ba sa rarrabuwa har abada, sukan tsaya bayan kimanin sau hamsin. Daga baya aka fahimci cewa ɗaya daga cikin dalilan shi ne telomiya, wato ɗaurin da ke bakin zaren gado, wanda yake raguwa duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu, kuma aikin da aka yi a kansa ne ya sa aka ba Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak lambar Nobel a 2009. Abin da ya shafe mu kai tsaye kuwa shi ne wahalar ƙuruciya tana barin tabo a wannan tsari. Masu bincike a ƙauyukan Keneba na ƙasar Gambiya sun wallafa a 1997 cewa waɗanda aka haifa a watannin yunwa na damina sun fi sauran yawan mutuwa da ƙuruciya bayan sun balaga, kuma a 2015 wani bincike da aka yi kan tsuntsaye a Suwidin ya nuna cewa zazzaɓin cizon sauro da ya zauna a jiki yana gaggauta raguwar telomiya. Mu a Nijar muna da waɗanda aka haifa cikin farin 1973 da 1974, yanzu sun haura hamsin, muna da na 1984 da 1985, muna da na 2005, kuma su ne za su cika layin masu hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda a asibitocinmu. Kason tsofaffi a cikin jama'a ƙarami ne, amma ƙasar da ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 a cikinta, yanzu kuma ta wuce miliyan 25, adadin tsofaffinta ba zai zauna wuri ɗaya ba.

Ina magana tana rubutu, kuma da na leƙa littafinta sai na ga kalmomi uku kawai ta ja wa layi: yunwa, zazzaɓi, hawan jini. Da na yi tunani a lokacin da na hango rigimar da ke gabanmu.

Aikin farko da suka kawo, bayan kwana goma, jadawali ne na masu ba da tallafi, kowanne da ranar rufe karɓar takardu, da iyakar abin da yake bayarwa, da harshen da yake so a rubuta masa. Rabinsa ya yi amfani ƙwarai. Sun sa TWAS, cibiyar kimiyya ta ƙasashe masu tasowa da Abdus Salam ya kafa a Tiriyeste a 1983, sun sa ƙungiyar jami'o'i masu amfani da Faransanci ta AUF, sun sa The Company of Biologists ta Kambirij a Ingila wadda take tallafa wa tarukan masana halittu, sun sa COMSTECH, kwamitin kimiyya da fasaha na ƙungiyar ƙasashen Musulmi, da ke Islamabad, har da gidauniyar Hevolution ta Saudiyya wadda aka kafa musamman domin binciken tsufa, aka kuma sanar cewa kasafinta zai iya kaiwa dalar Amurka biliyan ɗaya a shekara. Abin da ya fi wannan daraja shi ne Hajiya ta san ƙofofin haɗin gwiwa da suka rufe bayan sauyin mulki na Yulin 2023 da waɗanda suka rage a buɗe, ilimin da ba a samunsa a intanet sai a bakin waɗanda suke cikin harkar kullum.

Sai dai a saman jadawalin, da jan rubutu, sun ɗora tallafin taro na cibiyar binciken tsufa ta Amurka, NIA, wadda aka kafa a 1974, tallafin da ake kira R13. Suka ce shi ya fi dacewa da mu tunda sunan tsufa ma yana jikin cibiyar. Mako uku muka yi muna tara takardu dominsa, sai wani abokina da ya yi karatu a can ya turo mini shafin sharuɗɗan, inda aka rubuta ƙarara cewa cibiyoyin da ba na Amurka ba ba su da ikon neman wannan tallafi da kansu, kuma ko na can sai sun fara samun wasiƙar izini kafin su miƙa takarda. Haka kuma gidauniyar Glenn da ƙungiyar AFAR, masu tallafa wa binciken tsufa, da suka biyo a jadawalin, mafi yawan kuɗinsu na masu bincike ne a cibiyoyin Amurka. Wannan kuskure ne na rashin karanta sharaɗi har ƙarshe, kuma shi ne ainihin aikin da muka biya a yi mana. Da na nuna mata, Hajiya ba ta yi gardama ba, ta ce: "Laifinmu ne, Dakta, Allah ya ba ka haƙuri." Haƙurin na bayar, amma mako ukun bai dawo ba, kuma saboda shi muka rasa ranar rufewar wani tallafin da muke da hakkin nema.

Inda muka fi jan daga shi ne rubutun takardar kanta. Saurayin nan yana da hannu, Faransancinsa santsi gare shi, Ingilishinsa ma ba laifi, amma bai san inda ilimin ya tsaya ba, kuma a harkar tsufa wannan rashin sani yana da haɗari fiye da sauran fannoni, domin fage ne da masu tallar ƙarya suka yi wa yawa. Daftarinsa na farko ya yi alkawarin cewa taronmu zai "buɗe hanyar tsawaita rayuwar ƴan Afirka". Ya kafa hujja da aikin Cynthia Kenyon na 1993, wanda gaskiya ne ya ninka tsawon rayuwa ta hanyar sauya ƙwayar gado guda ɗaya, amma bai faɗi cewa a jikin wata tsutsa aka yi ba, mai tsawon milimita ɗaya, wadda dukan rayuwarta mako biyu zuwa uku ne. Ya kawo maganin rafamisin, wanda a 2009 aka nuna ya ƙara wa ɓeraye kimanin kashi 9 zuwa 14 cikin ɗari na tsawon rai ko da an fara ba su bayan sun manyanta, ya rubuta shi kamar gobe za a fara raba shi a kantin magani, alhali magani ne da ke danne garkuwar jiki, wanda ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne sakin layin da ya yi kan binciken Clive McCay na 1935, cewa rage abinci yana tsawaita rayuwar ɓera. Ya bar sharaɗin da duk maganar ta rataya a kansa, wato a rage yawan abincin ba tare da an rage sinadaran gina jiki ba. A ƙasar da ake auna damtsen yara da tsinken awo a kowace cibiyar lafiya, rubuta cewa ƙarancin abinci yana ƙara kwana, ba tare da wannan sharaɗi ba, abin kunya ne da zai bi sunan kwamitinmu har abada, kuma duk masanin da aka ba takardar ya duba zai ajiye ta tun a shafi na biyu.

Da muka mayar, sai daftari na biyu ya faɗa ɗaya ramin. Kalmomi ukun nan da Hajiya ta ja wa layi suka cinye takardar, ta koma taron bita kan abinci mai gina jiki da kula da tsofaffi, irin wanda ofishin ya saba rubutawa ƙungiyoyin agaji. Aka cika ta da ambaton shekaru goma na tsufa cikin lafiya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana daga 2021 zuwa 2030, da shirin Madirid na 2002, da yarjejeniyar Tarayyar Afirka ta 2016 kan hakkin tsofaffi. Duk waɗannan gaskiya ne kuma suna da wurinsu a sakin layi ɗaya, amma ƙwayar halitta ta ɓace gaba ɗaya, kuma ba don mu yi taron wayar da kai muka tashi ba. A ƙarshe ni da wata abokiyar aikina likitar zuciya muka zauna dare huɗu muka rubuta shafuka biyar na farko da kanmu, muka bar wa saurayin gyaran harshe da daidaita tsawo da adadin kalmomin da kowane mai tallafi ya ƙayyade. A wannan ƙaramin aikin ya yi kyau sosai.

Matsalar da ta fi kowace wuya ba laifin ofishin ba ce, kuma a nan ne Hajiya ta nuna gwanintarta. Taronmu na fannoni da yawa ne, su kuwa masu ba da kuɗi kowanne da aljihun teburinsa: wannan na ilimin halittu, wancan na lafiyar jama'a, wani na ilimin zamantakewa, kuma takardar cikewa takan ce ka zaɓi fanni ɗaya. Shi kuwa tsufa bai san wannan rabo ba. Fitacciyar maƙalar da Carlos López-Otín da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 ta lissafa alamomin tsufa tara a cikin ƙwayar halitta, a 2023 suka mayar da su goma sha biyu, kuma babu masani ɗaya da ya riƙe su duka. A wurinmu ma abin ya wuce haka. Misalin da na ba Hajiya shi ne agogon da Steve Horvath ya fitar a 2013, wanda yake duba wurare 353 a jikin zaren gado ya ƙiyasta shekarun mutum, ta yadda za a iya cewa jikin wane ya girmi shekarunsa ko bai kai su ba. Kafin ka ce jiki ya girmi shekaru dole ka san shekarun, mu kuwa yawancin dattawanmu takardarsu cewa take an haife su "wajen" shekara kaza, ko kuma an ba su ɗaya ga Janairu gaba ɗayansu kamar tagwaye. Mahaifina kansa shekaru biyu yake da su, na takarda da na bakin yayarsa, tsakaninsu shekara huɗu. Wanda zai warware wannan ba mai aikin ɗakin gwaji ba ne, masanin al'umma ne ko mai ƙidaya, irin waɗanda ake horarwa a LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa da ke Yamai, da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda ya iya zama da tsohuwa ya tambaye ta ko ta yi aure kafin samun ƴancin kai a 1960, ko tana goyon ɗanta na nawa ranar da rana ta yi husufi a Yunin 1973, ko wa take shayarwa lokacin da Seyni Kountché ya karɓi mulki a Afrilun 1974. Har likitocin dabbobi muka gayyata, domin a tashar kiwo irin ta Tukunus, inda ake renon shanun Azawak, saniya ta fi mai ita cikakkiyar takardar haihuwa.

Hajiya ta saurari wannan duka, ta ce ba za ta ɓata lokaci tana neman mai tallafi ɗaya da zai so taron gaba ɗayansa ba, domin babu shi. Ta yanka kasafin gida uku ba tare da ta taɓa tsarin taron ba. Wa ƙungiyar masana halittu ta miƙa kuɗin jirgin baƙi uku da tafiyar ɗalibai, tare da jadawalin ranar farko da ke kan ƙwayar halitta. Wa mai tallafin lafiya ta miƙa kuɗin zaure da tafinta da buga takardu, tare da ranar likitoci. Abinci da ruwa da man injin wuta kuwa ta nemo su a gida, wurin wani banki da wani ɗan kasuwa da mahaifiyarsa take jinyar shanyewar ɓarin jiki. Kowanne an gaya masa gaskiyar cewa akwai sauran, an nuna masa layin da kuɗinsa zai biya, don kada a zarge mu da karɓar kuɗin abu ɗaya sau biyu. Daga takardu bakwai da muka aika, biyu na waje suka amsa, kuma da na gida muka haɗa kusan kashi biyu cikin uku na abin da muka fara nema. Sauran muka cike da rage buri: muka haƙura da babban zauren taro na Mahatma Gandhi wanda dama ya fi ƙarfinmu, muka koma zauren da aka ara mana, baƙi biyu kuma suka yi jawabinsu ta bidiyo.

A kan kasafi ba ni da abin cewa sai yabo. Abubuwan da ta tuna, mu shida ba mu tuna ko ɗaya ba: kuɗin biza da katin rigakafin shawara da ake nema a filin jirgin Diori Hamani, abin da banki yake yanka a kowace shigowar kuɗi daga waje, da cewa tafintoci biyu-biyu suke aiki suna karɓar juna, da takardun farashi uku daga ƴan kasuwa uku kafin a sayi ko da katan ɗin ruwa ne. Ta bayyana mana cewa kuɗin da zai zo da yuro ba abin damuwa ba ne tunda sefa tana ɗaure da shi a kan kusan sefa 656 kowane yuro ɗaya, amma wanda zai zo da dalar Amurka sai an bar masa sarari domin yana hawa yana sauka. Ita ce ta hana mu sa taron a Afrilu ko Mayu, ta ce ba za ta ɗauki alhakin kawo farfesa mai shekara saba'in cikin zafin Yamai ya zo ya zama misalin abin da ake tattaunawa ba, muka koma farkon sanyi. Ita ce kuma ta gargaɗe mu cewa masu tallafi sukan riƙe wani kaso sai an miƙa rahoto, saboda haka dole mu san inda za mu ranto kafin nan. Ɗaliban da suka taso daga Tawa, tafiyar kilomita ɗari biyar da wani abu ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kowanne ya karɓi kuɗin motarsa ta kamfanin aika kuɗi na Nita kwana biyu kafin tafiya, kuma kowace takardar shaida tana cikin fayil.

Sai batun ladansu, wanda shi ne ƙorafina mafi girma. Yarjejeniyar da muka sa wa hannu ta ce za mu biya jika ɗari bakwai da hamsin a dunƙule, sannan kashi 8 cikin ɗari na duk abin da aka samo. Ba mu ga aibinta ba sai da kuɗi suka shigo, muka karanta sharuɗɗan ɗaya daga cikin masu tallafin, muka tarar ya hana a biya ladan rubuta takardar nema daga cikin kuɗinsa. Ofishin da aikinsa ke nan ya san da wannan tun farko, kuma hakkinmu ne a gaya mana kafin mu sa hannu. Da na tayar da maganar, saurayin ya ce abu ne mai sauƙi, sai a shigar da shi ƙarƙashin kuɗin buga takardu, kowa haka yake yi. Na ce masa sunana ne a ƙasan rahoton, ba nasa ba. Don in yi adalci, da maganar ta kai wurin Hajiya ta tsawata masa a gabana, ta kuma yarda a cire wancan tallafin daga lissafin kason, sauran muka biya daga kuɗin rajista da aljihunmu. Amma da ban karanta sharuɗɗan da kaina ba, ban san yadda za a rubuta shi ba, kuma wannan shakkar ba ta bar ni ba har yau.

Kusa da wannan akwai mai tallafin da suka kawo mana da murna, wani mai shigo da ƙwayoyi da garin sha da aka rubuta wa "maganin tsufa" a kwali. Ya yi tayin kuɗi masu kauri, da sharaɗin a ba shi tebur a bakin zaure da minti ashirin a cikin jadawali. Ofishin bai ga matsala ba, kuɗi kuɗi ne. Mu muka ƙi, domin har yau babu wani magani da aka tabbatar yana rage saurin tsufar ɗan Adam, kuma taron masana da ya ba irin wannan mutum lasifika ya sayar masa da amincinsa ne da araha. Ya kamata ofishin da ke neman aikin masu bincike ya iya rarrabe wannan da kansa.

Ranakun taron sun tafi lafiya ta fuskar tsari. An ɗauke wuta sau biyu a rana ta farko, kuma kafin mai jawabi ya gama juyowa ya dubi allo injin ya tashi, domin ɗan aiken nan yana zaune kusa da shi da jarkar mai tun safe. Takardar sa hannu ta kuɗin zama, wadda takan haddasa rigima a tarukanmu, an gama da ita cikin natsuwa domin an sanar da kowa tun a wasiƙar gayyata wanda zai samu da wanda ba zai samu ba. Giɓin da aka bari shi ne na harshe. Mun ware yammacin rana ta uku domin jama'ar gari, muka gayyato dattawa da ma'aikatan jinya da suka yi ritaya, amma ofishin tafintan Faransanci da Ingilishi kawai ya ɗauka, bai yi tanadin Hausa ko Zabarmanci ba, a shekarar da dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Wata ɗaliba ƴar Tawa ce ta cece mu. Da baƙon ya zo kan telomiya sai ta yi ɗan jim, sannan ta ce wa dattawan su dubi bakin tabarma, inda masaƙi yake naɗewa ya ɗaure: muddin ɗaurin yana nan tabarma tana nan, ranar da ya cinye kuwa sai kaba ta fara warwarewa ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho a layin gaba ya ɗaga sandarsa ya ce: "Ƴata, to tambayi baƙon naku, ana sake ɗaurin ko sai dai a sayi sabuwa?" Baƙon ya yi dariya, ya ce akwai sinadarin da ke sake ɗaurin, sunansa telomeras, amma ƙwayoyin ciwon daji ma da shi suke amfani su ƙi mutuwa, shi ya sa ba a gaggawar taɓa shi. Wannan musayar ita ce mafi kyawun minti biyar na taron, kuma babu layinta a kasafi. Daga aljihuna na sallami yarinyar.

Bayan taro, rahoton kuɗi ya fito cikin mako uku, fayil mai kauri da kowace takardar shaida a manne da lambarta, kuma masu tallafin biyu suka karɓa ba tare da tambaya ko ɗaya ba, ragowar kuɗin ya shigo, muka biya bashin da muka ci. Har jika arba'in da ƴan kai da suka rage a layin tafiye-tafiye Hajiya ta sa muka rubuta muka nemi izini kafin mu karkatar da su zuwa buga taƙaitattun maƙalu. Rahoton ilimi kuwa sai da na sake shi daga farko, domin an rubuta cewa mahalarta sun "amince" da abubuwan da a zahiri gardama aka yi a kansu ba a gama ba. Saƙon WhatsApp ma yakan kwana biyu ba amsa idan suna kan aikin wani, abin da ba mamaki ga ofishin mutum uku, amma yana da kyau mai zuwa ya sani.

Ga wanda yake da takardar iliminsa a hannu, yake buƙatar mai tsara kasafi da mai riƙe lissafi da wanda ya san ƙofofin Yamai, kuɗin da muka biya bai yi yawa ba, kuma zan iya cewa ba don su ba da taron bai yiwu a shekarar ba. Wanda kuwa yake tsammanin zai ba su take kawai su cike masa sauran, takardarsa za ta fito ko dai tallar maganin tsufa ko taron bitar ƙungiyar agaji. A makon jiya Hajiya ta kira ni tana tambaya ko za mu yi zagaye na biyu, wanda muke son kai wa Tawa idan Jami'ar Djibo Hamani ta karɓe mu. Na ce mata za mu yi da su bisa sharaɗi uku: lada a dunƙule ba kaso, kowane layi na jadawalin masu tallafi ya zo da shafin sharuɗɗansa a manne, kuma tafintan Hausa ya shiga kasafi tun daftarin farko. Ta amince da biyu nan take, ta ce batun kason sai ta yi shawara, kuma har yanzu ina jiran kiranta.